Amsa ga Alhaji kan tsohuwar Hilux da ke shiga ruwan fadama

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Alhaji, na saurari saƙonka. Ka ce Hilux ɗinka tsohuwa ce mai aksil ɗin gaba miƙaƙƙe, kana shiga da ita gonar shinkafa can fadamar Argungu, kuma tun da ruwa ya sauka take wani gurnani daga ƙasa, ga kuma maiƙo na tsiyaya bayan tayar gaba ta dama. Kana tambaya mi za ka iya yi da kanka a gida.

To ranka ya daɗe, kafin a taɓa komai, a duba kalar man aksil. Ga dalili. Saman kowane aksil akwai ɗan hanci na shan iska, ƙarami, mai hula. In mota ta yi tafiya aksil ya ɗau zafi, sai ka faɗa ruwa mai sanyi, iskar ciki ta tsuke nan take, sai ta zuƙo abin da ke waje. In hancin na cikin ruwa, ruwa za shi sha. In kuma laka ta toshe shi, to ta sil ɗin, wato robar da ke hana mai yoyo, zai jawo ruwan, sannan in an yi zafi ya turo mai waje ta nan ɗin dai. Shi ya sa wasu ke canza sil sau biyu sau uku yoyo bai tsaya ba, ashe hancin ne a toshe.

Yadda za ka duba: ka ɗan zaga da motar mai ya yi ɗumi, ka tsaya wuri mai shimfiɗe, ka ja birkin hannu, ka sa dutse a taya. Ba sai an ɗaga ta ba, tana da tsawo. In kuwa dole sai an ɗaga, kada wanda ya shiga ƙasa jak kaɗai na riƙe da ita, a kafa mata kututture.

Noti biyu ne jikin aksil, na zuba mai a tsakiya, na zubarwa a ƙasa, galibi lamba 24. Don Allah a fara kwance na sama. In ka fara da na ƙasa mai ya tsiyaye, sannan na sama ya ƙi motsi, ka ga mota ta kwana nan. Ka sa yatsa ka lakato man. Lafiyayye kalar zuma gare shi ko ya ɗan yi duhu. In ka gan shi ya yi fari-fari kamar shayin da anka cika wa madara, ruwa ya shiga, kuma wanga mai ba ya riƙe haƙoran giya, ba ya kare boris. Gurnanin da kake ji yana iya zama daga nan.

Ka zubar da shi duka cikin roba. Notin ƙasa shina da maganaɗisu a kai, ka dube shi da kyau. Baƙin gari mai laushi ba komai ba ne, cin ƙarfe ne na yau da kullum. Amma in ka ga ɓarɓashi mai kaifi da yatsa ke ji, aikin ya wuce na gida, sai an sauke kan aksil an kai wa mai saita haƙora.

Man da za ka zuba, man giya 80W-90 ko 85W-90 mai alamar GL-5. Kowane aksil na shan lita biyu da 'yan kai, don haka ka sayi lita biyar na biyun. Ma'auninsa ba wuya: ka yi ta ɗurawa da gora mai tiyo har ya fara dawowa ta bakin ramin sama. In akwai takarda jikin aksil ɗin baya da anka rubuta LSD, wancan nashi man daban ne, ka faɗa wa mai shago. Kuma in ruwan ya yi yawa, zubi ɗaya ba ya fidda shi. Ka sa mai mai araha, ka yi kamar kilomita 20 ko 30, ka sake zubarwa, sannan ka sa na kirki. Kada a wanke da fetur ko kananzir, suna busar da boris suna cin sil. Ɗan zoben da ke ƙarƙashin noti (washa) kuma a sa sabo, ba tsada gare shi ba. Haka za ka duba oziliyari, wato akwatin giyar da ke raba ƙarfi ga tayun gaba da na baya, da giyabos, su dai a bi lambar man da littafin motar ya ce. Tsohon man a tara a jarka, kada a zuba kusa da gona ko rijiya.

Maganin da ke hana maimaici shi ne a cire hancin nan, a sa mai bakin tiyo, a ja tiyon fetur har cikin bonet can sama, a ɗaura ɗan filtan fetur irin na babur a ƙarshe. A bar wa tiyon sako-sako, don aksil na hawa da sauka, in ya yi ɗaure zai tsinke.

Sai maganar maiƙon bayan taya. Wagga ƙwallon ƙarfe da tayar ke juyawa a kai, giris ne ya kamata ya zauna ciki, man giya kuma can cikin aksil, sil ɗaya ya raba su. In abin da ke zuba ya yi ruwa-ruwa kuma shina warin man giya, sil ɗin ciki ya mutu. Ƙara giris ba ya gyara shi. Ana yin shi a gida, amma aikin wuni ne: sai da soket lamba 54 na notin boris, da cikakken saitin sil da gasket, da baƙin giris mai moli, a cika ƙwallon kamar kashi uku cikin huɗu. Siraran faranta da ke sama da ƙasa, kowane a mai da shi inda anka ciro shi, in sunka cakuɗe sabon sil ɗin ba zai daɗe ba. Ni shawarata, karon farko ka kira bakanike ya yi a gabanka. Kuma tunda an buɗe, a yi gefe biyun.

Farfela kuwa, wato sandar ƙarfen da ke kai juyi daga oziliyari zuwa aksil, duk fitowa daga ruwa a bi kan nonon giris ɗinta, a buga har sabon giris ya leƙo ta kusurwa huɗu na kuros, wato gaɓar da take lanƙwasawa. Wurin da take zamewa ciki da waje, bugu biyu uku ya isa, in an cika shi yana danne boris ɗin oziliyari.

Abu guda da direbobi ke yi da ke kashe wagga mota: su fito fadama su hau kwaltar Birnin Kebbi ba su cire oziliyari ba. Tayun gaba da na baya na ɗaure da juna, a laka suna zamewa su huce, a kwalta ba hali, sai ƙarfin ya koma kan giya da kuros. Ana hawa busasshiyar hanya a mai da libar oziliyari H2, wato jan tayun baya kaɗai, a mai da makullan tayun gaba FREE. In liba ta ƙi fita, a ɗan ja baya kaɗan za ta saki. L4 kuma, wato ƙaramar giyar jan tayu huɗu, sai an tsaya cak an taka kuloci. Da rani, ko ba a buƙata, sau ɗaya a wata a sa LOCK a yi kilomita 16 don mai ya zaga gaban. Tayu huɗun su zama lamba ɗaya.

In kuma Allah ya kiyaye ta mutu tsakiyar ruwa, kada a murza makulli. A jawo ta waje, a buɗe gidan filtan iska, in da danshi a cire hita-fulog in mai gas ce, ko fulogi in mai fetur ce, a juya inji ya tofar da ruwan, a canza baƙin mai.

Alhaji, ka kwance notin sama na aksil biyun gobe da safe, ka turo mana hoton man a yatsa da na maganaɗisun, daga nan za mu san ko canjin mai ya wadatar. Allah ya ba da damina mai albarka. Wassalam.