Tambaya da Amsa: Yaya ake raba kalmar "present"?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a wata lise da ke unguwar Zariya a nan Maradi. Mushenmu na Ingilishi ya rubuta "present" sau biyu a allo, ya raba ta farko pres-ent, ta biyu kuma pre-sent. Kuskure ya yi, ko akwai dalili?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴata. Mushenku bai yi kuskure ba. Kalmar gaɓa 2 ce a kowane hali, sai dai gaɓar da murya ta fi dannawa ita ce ke fayyace ma'ana. Idan ƙarfin murya ya sauka a gaɓar farko, wato pres-ent, kalmar tana nufin kyauta irin wadda ake kai wa amarya, ko lokacin da ake ciki, ko kuma kasancewar mutum a wuri, kamar amsar da kike bayarwa idan ana kiran suna da safe. Idan kuwa ya koma gaɓa ta biyu, wato pre-sent, to ta zama aikatau, ma'anarta gabatarwa ko miƙawa, kamar a gabatar da baƙo ga jama'a ko a miƙa takarda ga jami'i a iyakar Ɗan Isa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga kunnen Bahaushe, domin kukan yaro da kukar miya rubutunsu ɗaya ne, karin sauti kaɗai ke bambanta su.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ɗalibanmu ke furta ta, kuma ba laifinsu ba ne. Sun fara sanin kalmar a Faransanci, harshen da Ingilishi ya aro ta daga gare shi, inda murya kullum ke sauka a gaɓar ƙarshe kuma ba a furta harafin t. Ga shi kuma Hausa ba ta yarda baƙi biyu su haɗu a farkon gaɓa ba, shi ya sa muke cusa wasali a tsakani, kamar yadda muka yi a "direba" da "burodi". Ta haka gaɓa 2 ke komawa 3 a bakin ɗalibi.

Ki ɗora bayan hannunki a ƙarƙashin haɓa, ki furta kalmar a hankali; haɓar za ta sauka sau biyu, kuma s ɗin da ke tsakiya z ake furta shi. Sannan ki gwada haka da "record" da "object", domin su ma ma'anarsu tana canzawa idan ƙarfin murya ya canza wuri.