Ƙurajen Fuska: Kafin Ki Sayi Sabon Mai, Duba Wanda Ke Kan Madubinki

Tambaya: Anti, barka da aiki. Saura wata biyu bikina. Wata mai haɗa kayan gyaran jiki ta sayar mini da wani mai a roba, ba suna ba takarda. Da na fara shafawa fuskata ta yi sumul, amma yanzu ƙananan ƙuraje sun feso mini har wuya, kuma da na daina kwana biyu sai fuskar ta hau ƙaiƙayi. Ƙawata ta ce in koma sabulun salo da lemun tsami da kurkum. Me zan saya? Ƙanwarki daga Zariya.

Amsa: Ƙanwata, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Amma ki ajiye kuɗinki tukuna, domin abin da kika kwatanta ya yi kama da aikin sinadarin sitiroid. Masu haɗi da yawa suna matsa mayukan tub irin su Funbact-A, mai ɗauke da betamethasone, ko masu clobetasol, cikin man shafawa. Waɗannan duk sitiroid ne, magunguna na wasu cututtukan fata, na ɗan lokaci kaɗan. A makonnin farko suna kwantar da kumburi, fata ta yi haske, mace ta ce ta dace. Daga baya sai fatar ta yi siriri, jijiyoyi su fara nunawa a kumatu, ƙuraje masu kama ɗaya su fito tamkar an watsa gero. Ƙaiƙayin da kike ji in kin daina, fatar ce ta saba da man. Saboda haka ki ɗauki robar ki kai wa likitan fata ya gani, shi zai tsara miki yadda za ki rabu da shi. Nan gaba duk man da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, ba lambar NAFDAC, kada ya hau fuskarki ko da kyauta aka ba ki.

Lemun tsami kuwa, ki bar shi a kunu. Ruwansa yana ƙona fata, in rana ta same shi a kai sai ya bar baƙin tabo mai ɗaukar watanni, kuma fatarmu ta baƙaƙe tana saurin riƙe tabo. Na sha ganin 'yan mata da ƙurjin ya warke tun bara, amma shaidar lemun tsami da man goge baki na nan daram a haɓa. Sabulun salo ba laifi in mai kyau ne, sai dai da tokar ɓawon koko ko na ayaba ake yin sa, yana da kaifi, yana busar da fata. Ki murza shi a tafin hannu ki yi amfani da kumfar kawai, kada ki goga dunƙulen a fuska. Kurkum da zuma ba za su cutar da yawancin mutane ba, amma kada ki sa rai su ne za su warkar da ke.

Wanke fuska sau biyu a rana ya isa, da ruwa mai ɗumi kaɗan, da hannu, ban da soso. Ki cire hoda kafin ki kwanta. In lokacin dilka da halawa ya zo, ki gaya wa mai gyaran ta tsaya a wuya, domin gurzar fata mai ƙuraje ƙara musu wuta ne. Kuma ki sani, kowane magani na gaskiya yana buƙatar mako 6 zuwa 8 kafin a ga canji. Duk wadda ta yi miki alkawarin kwana bakwai, irin robar farko za ta sake ba ki.

Tambaya: Anti, shekarata 19. Ƙuraje sun cika mini goshi. Umma ta hana ni gyaɗa da ƙuli-ƙuli, amma shiru. In je kemis ne? Ɗanki daga Maraɗi.

Amsa: Ɗana, ka gaishe da Umma, amma gyaɗa ba a kama ta da laifi ba. Ƙurajen balaga daga ciki suke: jiki na ƙara fitar da maiƙo, ya haɗu da matattun ƙwayoyin fata ya toshe ramin gashi, sannan ƙwayar cuta mai suna Cutibacterium acnes ta samu wurin yaɗuwa. Abincin da bincike ya fi zargi shi ne mai saurin ɗaga sukarin jini, wato lemun kwalba, farin burodi, kek da alewa, sai madarar shanu ga wasu mutane. Rage su wata biyu ka gani.

Tunda a goshi suka taru, tambayata ita ce: me kake shafawa a kai? Tun 1970 wasu likitocin fata a Amurka suka bayyana irin ƙurajen da man gashi mai kauri ke haifarwa a goshi da gefen kai. Ga hula a sama, ga gumi, ga zafin Maraɗi. Rage man, wanke hular, sauya rigar filo duk mako, kuma ka cire hannunka daga matsa su.

In za ka je kemis, nemi maganin shafawa na ƙuraje mai suna benzoyl peroxide mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari. Mai kashi 10 ya fi sa ɓawo da zafi, aikinsu kuwa kusan ɗaya. Fara da kwana ɗaya bayan ɗaya, ɗan kaɗan da dare. Yana cinye launin tufafi, don haka kada ka share fuska da sabuwar shaddarka. In ƙurajen manya ne masu zafi a ƙarƙashin fata, ko wata uku ya wuce ba sauƙi, asibiti za ka je kafin su bar ramuka.

Tambaya: Da hunturu fuskata na bushewa, ga ƙuraje. Man kwakwa zan saya ko man kaɗe? 'Yar'uwarki daga Kumasi.

Amsa: Man kwakwa na toshe ramukan fuska ga mutane da yawa, ki bar shi ga ƙafa da gwiwar hannu. Man kaɗe ya fi sauƙi, amma ɗan lakuta kamar ƙwayar wake, ki narkar a tafi, ki gwada a gefen muƙamuƙi mako guda kafin ki kai shi ko'ina. In na kanti za ki saya, duba wanda aka rubuta non-comedogenic a jikinsa, wato wanda ba ya toshe ramukan fata. In kina da juna biyu, kada ki taɓa wani maganin ƙuraje, na sha ko na shafawa, sai likita ya duba shi.