Tambayi Makaniki: Motata tana shan baƙin mai, segman kaɗai zan canza?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Ina jan babbar motar kaya, Mercedes samfurin da ake kira 1924, tsakanin Damagaram da Agadez. Kwanan nan tana fitar da shuɗin hayaƙi, tana shan baƙin mai, in na ɗauko kaya kuma sai ta yi ta nishi a hawa. Yaran gareji sun ce a canza segman kawai, wato zobban da ke jikin fisto, kuɗin ya fi sauƙi. In yarda?
Wani direba, Zango, Damagaram

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya tsare hanya. Kada ka yarda a saya maka ko da ƙusa ɗaya kafin a buɗe injin a auna shi.

Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa tare da gazuwal. Ka bar injin yana aiki, ka cire murfin da ake zuba mai. In ka ga tururi na busowa da ƙarfi, iska ce ke tserewa ta gefen fisto, ƙarfen nan da ke hawa da sauka cikin silinda. Kuma a hanyar Tanut, abin da ya fi jawo haka ƙura ce. Ta shiga ta matatar iska da ta yage ko tiyon da ya tsage, ta riƙa goge cikin silinda a hankali. In an ɗaga kilas, wato murfin saman injin, sa farcenka a saman shemiz, wato bututun ƙarfen da ke cikin silinda, can inda fisto ke tsayawa. Za ka ji wani ɗan tudu ya kama farcen, ƙasansa kuma sumul kamar madubi. Sabon segman ba zai zauna a irin wannan wuri ba. Wani lokacin ma tudun ne zai karya segman na sama. Wannan shi ke ƙona mini rai: mutum ya ci bashi ya yi rabin gyara, kafin damina ta zagayo ya dawo gareji.

In awo ya nuna shemiz ta ci, a canza ta tare da fisto da segman, duk silinda shida. A kai bilbireken, wato sandar da fisto ke juyawa a ƙasan injin, wurin masu injin gyara shi su auna. In sun rage shi da milimita 0.25, to kusine, wato ɓawon ƙarfen da bilbireken ke juyawa a cikinsa, mai awon 0.25 za a sa, ba wanda aka tarar a kanti ba. A duba ko fuskar kilas ta lanƙwashe, a kai anjekter, masu fesa gazuwal cikin silinda, a gwada feshinsu.

Ranar haɗawa ka zo da kanka ka tsaya. Kada a haɗa inji a fili ranar da iska ke kaɗawa. A shiga rumfa, a shimfiɗa tamfol. A wanke hanyoyin mai, a busa su da iska, a shafa mai a kowane kusine. Ƙusoshin kilas kuwa daga tsakiya ake fara ɗaure su zuwa gefe, da makullin da ke auna ƙarfin ɗauri. Yaron da ya zura bututu a hannun makulli ya hau ya taka, ka dakatar da shi nan take.

Bayan an tayar, kada ka bar ta tana gurnani a tsaye wuni guda, segman ba ya zama sai da aiki. Ɗauki madaidaicin kaya ka yi Mirriya ko Matamai, idonka na kan allurar mai da ta zafi, ka yi bidanj, wato canjin baƙin mai, da wuri. Sannan ka sa sabuwar matatar iska, ka daina buga tsohuwar a jikin taya.