Zan sayi kamfanin wani, bashinsa zai biyo ni?

Tambaya: Barista don Allah a taimaka min, wani ne zai sayar min da kamfaninsa, yana da kwastomomi da ma'aikata, yace in biya rabi yanzu sauran a hankali daga cikin riba. Tsorona kar wani tsohon bashi ya taso min daga baya.

Amsa: Toh ɗan'uwa tsoronka yana kan hanya, amma ka fara sanin me zaka saya tukunna, kamfanin ne kansa ko kayansa? In hannun jari ka saya to kamfanin yana nan yadda yake, mai shi kawai aka canza, tun shari'ar Salomon a Ingila a 1896 ake ɗaukar kamfani mai rajista tamkar mutum mai zaman kansa, kenan bashin banki da harajin da ba'a biya ba da ƙarar dake kotu duk suna wuyan kamfanin, kai kuma ka gaje su. In kuwa kaya ka saya, wato injina da haja da sunan kasuwancin, yawanci bashi yana zama wajen mai sayarwa, sai dai ka bincika ko an jinginar da kayan a banki, kuma hakkin ma'aikata a ƙasashe da yawa yana bin sabon mai shi ne.

Biyan rabi ɗin nan ni ina ganin alheri ne gareka, da yawa da haka suka zama masu kasuwanci ba tare da sun tara jarin duka ba, kuma ragowar kuɗin dake hannunka shine makaminka. A rubuta a yarjejeniya cewa duk bashin da ya ɓullo wanda bai faɗa ba za'a cire daga ciki, sannan a fayyace me zai faru in wata ya zo riba bata fito ba.

Kar ka yarda da lissafin baki, akanta ya duba bayanan asusun banki da takardun haraji na kamar shekara 3. Wajen haya kuma sai mai gini ya amince a rubuce, lasisi ma wani baya canza hannu sai ka nemi naka. Sai maganar kar mai sayarwar ya buɗe irin sana'ar kusa dakai ya kwashe kwastomomi, a sa mata iyakar wuri da lokaci, don kotu bata cika yarda da hanin da ba iyaka ba. Ka kawo min daftarin in gani kafin ka sa hannu.