Na yi alkawarin riƙe sirri, kuma na ga aibi a jirgin nukiliya

Tambaya: Malam, ina aikin walda a wata tashar gyaran jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku masu aiki da nukiliya a Birtaniya, kuma na sa hannu a takardar riƙe sirri. An rubuta cewa an gwada wani bututun ruwan sanyaya injin, alhali a gabana aka tsallake gwajin. Ya halatta in kai wa 'yan jarida?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ƙara maka tsoronsa. Hukuncin ya rataya ne kan abin da za ka fitar. Yin shiru kan aibin da zai iya halaka rayuka haramun ne, babu saɓani. Jirgin ƙarƙashin teku na Amurka, Thresher, ya nutse a 1963 da mutum 129, kuma haɗin bututu binciken sojin ruwa ya fi zargi. Amma zanen injin, ko inda jirgi zai dosa, amana ce a wuyanka.

Wasu za su ce maka alkawari da gwamnatin da ba ta Musulmi ba bai ɗaure ka, ka watsa komai. Wannan magana ba ta da tushe. Kuraishawa sun tsare Huzaifa bin Yaman da mahaifinsa, suka sake su bisa sharaɗin ba za su yaƙe su ba. Ga Badar ta zo, ga ƙarancin mayaƙa, amma Manzon Allah (SAW) ya ce su koma, a cika wa mushirikai alkawarinsu. Maƙiya ke nan a bakin daga. Kai fa, da ka sa hannu da yardarka, kake cin albashinsu?

Kada ka sa hannu a takardar gwajin. Rubuta wa shugabanka, da kwanan wata da lambar bututun. In ya yi biris, sai hukumar sa ido kan nukiliya, sannan ɗan majalisar mazaɓarka. Na san hukuma kan yi nauyin baki: a 2012 aka gano burɓushin nukiliya a ruwan injin gwaji na sojin ruwa a Dounreay da ke Scotland, majalisa ba ta ji ba sai 2014. Duk da haka jarida ita ce ƙofar ƙarshe, kuma aibin kaɗai za ka faɗa, bayan ka ga lauya. William McNeilly, wani sojan ruwan Birtaniya, ya watsa nasa rahoton kan aibin jiragen nukiliya a intanet a 2015, aka kore shi daga sojin ruwa. Kana da iyali. Kada ka ɗauki hoto da waya, kada ka kai zancen WhatsApp ko hirar bayan Juma'a.

Wallahu a'alam.