Kafin ku raba gidan injin nan, ku bi takardunsa da baya-baya

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa mai tambaya, Allah ya jiƙan kakanku, ya kyauta namu zuwan. Na karanta bayaninka sau biyu. Ka ce tsohon gidan injin casar shinkafa ne a bakin gari, injin ya daina aiki tun kana yaro, takarda guda kunka tarar cikin akwatin marigayi kuma sunan da ke kanta ba nashi ba ne, ga wasu sun taso sun ce suna da haƙƙi a wurin. Kana son sanin hannuwan da gidan ya bi kafin ya iso gare ku. Ni ba lauya ba ne, malamin makaranta ne da ya aje aiki. Amma irin wannan ƙaya ta taɓa sukar gidanmu a nan Sakkwato, kuma ni anka ɗora wa cire ta. Shekara biyu da 'yan watanni na yi ina yawo da jakar takardu ɗaure a bayan mashin.

Abin da ya fi ɓata mini lokaci tun farko shi ne ɗaukar da na yi gidan inji abu guda ne. Ashe uku ne. Akwai fili da gine-ginen da ke kansa, akwai ƙarafan injin, akwai kuma sana'ar kanta, wadda wani lokaci kamfani ce mai rajista. Kowanne yana iya zama da mai shi daban, da takardarsa daban. Duk unguwa na cewa "injin Alhaji", mu ma da haka munka tashi, ba wanda ya taɓa tambayar wanne daga cikin ukun ne na Alhaji.

Takardar da ke hannunka, in satifiket ce, wato takardar shaidar riƙon fili da mutane ke kira C of O, kada baƙon sunan ya tayar maka da hankali. Ba a sake buga satifiket duk lokacin da fili ya canza hannu. Sunan wanda gwamnati ta fara ba shi ne ke zama a kai, sauran cinikin da ya biyo baya kuwa a takardun sallamawa yake, kowace da ranarta. Abin da za ka nema a jikinta shi ne lambar fayil, lambar taswirar safiyo, ranar da wa'adi ya fara da yawan shekarunsa, sai hatimin rajista mai ɗauke da lamba da shafi da kundi. Da waɗannan za ka rubuta takardar neman bincike a ma'aikatar filaye, ka biya kuɗin da anka yanka, ka karɓi rasit. In da hali ka sa lauya ya yi maka, don shi ya san abin da zai duba cikin fayil. Ka lura da wa'adi ƙwarai. Mutane sun saba jin shekara 99, amma filin kasuwanci da na masana'anta sau da yawa bai kai haka ba, kuma lissafi daga ranar da anka fara bayarwa yake tashi, ba daga ranar da kakanku ya saya ba.

Daga nan sai ka bi da baya-baya. Takardar sallamawa da lauya ya rubuta takan fara da ba da labari: wane ya samu wurin nan daga wane, bisa takarda mai ranar kaza da anka yi wa rajista a lamba kaza. Yawancinmu mukan tsallake wannan wuri mu tafi kan kuɗi da sa hannu, alhali nan ne zaren yake. Kowace takarda tana nuna maka wadda ta gabace ta. Ni littafin makaranta na samu mai layi, na ja gida biyar: shekara, wanda ya bayar, wanda ya karɓa, irin takardar, wanda ya sa hannun amincewa. Inda layi ya ƙi haɗuwa da na ƙasansa na zagaye da jan biro. Wurare biyu na zagaye, kuma duk rigimarmu cikin su biyun take.

Bari in ba ka namu labarin, don ka ga yadda abin yake a zahiri.

Takarda mafi tsufa da munka gani ta zamanin Turawa ce, an ba wani kamfanin sayen fata da ƙiraga wurin ya gina sito. Dalilin da ya sa irin waɗannan wurare ke da takarda tun da wuri, alhali gidajenmu na cikin birni ba su da ita, doka ce. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, dokar ƙasa ta 1910, wadda anka sake tsarawa a 1916, ta sa ƙasar Arewa duka ƙarƙashin ikon Gwamna. Ɗan ƙasa yana zaune a gonarsa da gidansa bisa al'ada, da sanin mai unguwa da uban ƙasa. Baƙo kuwa, Bature ne ko Kwara, wato ɗan kasuwa daga Labanan ko Siriya, ba ya riƙe ko taƙi ɗaya sai da satifiket. Dokar 1962 ta Jihar Arewa ta ci gaba a kan haka, sai dai ikon ya koma hannun minista a Kaduna. Shi ya sa in ka makale a takardun kafin 1967, ba laifi ka leƙa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Sakkwato suke. Na je sau ɗaya, na kwana uku. Ban samo takardar mallaka a can ba, amma na ga wasiƙun da anka yi tsakanin ofishin Razdan da En'e, wato hukumar gargajiya, kan filayen 'yan kasuwa, sunka fahimtar da ni yadda ake yanka irin wurarenmu.

Daga kamfanin fatu wurin ya koma hannun wani Kwara, shi ne ya kafa injin. Tsofaffi sun tuna da shi sarai, sun ce jakuna kan yi layi da shanshera daga fadama tun da asuba, ɓuntu kuwa tudu guda a bayan katanga, mata na ɗiba. Sai ga dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972, wadda ta sa casar shinkafa cikin sana'o'in da anka keɓe wa 'yan Najeriya zalla. Dole ya sayar. A nan kakanmu ya shigo.

To ga jan biro na farko. Takardar sallamawar ba ta ce an sayar wa kakanmu ba. Sunan wani kamfani ne a wurin mai saye, kakanmu ya sa hannu ne a matsayin darakta, ƙarƙashin nasa kuma akwai wani sa hannun da ajami. Na kai wa goggonmu, ƙanwar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage cikin manya. Ta sa na karanta mata sunan har sau biyu, ta yi shiru, can ta ce, "Ai wanga abokin Baba na, tare sunka sai injin. Shi ad da kuɗɗin shanu, Baba shi ad da sanin aiki." Shekara arba'in maganar na bakinta, ba wanda ya tambaye ta, saboda ana ganin zancen fili na maza ne. Da lauya ya bincika a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, sai ga shi hannun jari rabi da rabi ne. Mutanen da sunka taso mana da da'awa, waɗanda munka yi shekara muna kira 'yan cuwa-cuwa, jikokin wannan bawan Allah ne, kuma gaskiya gare su. Na ji kunya ba kaɗan ba, don ni ne na fi kowa ɗaga murya a zaman farko.

Abin da ya ƙara dagula lissafi, an riga an yi rabon gadon kakanmu a gaban alƙali tun da daɗewa, an sa gidan injin cikin dukiya, an fitar da tumunin takaba, an ba maza da mata kasonsu. Rabon ya tafi daidai bisa abin da magada sunka gabatar. Sai dai abin da kakanmu ya bari ba fili ba ne, rabin kamfanin da ya mallaki fili ne. Takardar rabon gado tana nuna wanda ya gaji mamaci, ba ta mayar da abin da ba nashi ba ya zama nashi. Wani baffana ya ce a bar kaza cikin gashinta, tunda ai mun yi shekaru a wurin ba wanda ya yi magana, hauzi, wato daɗewar riƙo, ya ba mu. Malamin da munka tuntuɓa ya ce a mazhabar Malikiyya shekara 10 ake lissafa wa bare, in mai haƙƙi yana nan yana gani ya yi shiru ba tare da uzuri ba, amma tsakanin dangi da abokan tarayya abin ya fi haka tsawo da sharuɗɗa, balle ga marayun da ba su ma san da haƙƙin ba. Ya ƙara da cewa ko alƙali ya ba ka, in ka san ba naka ba ne, ka san abin da ka ɗauka. Baffa bai sake tayar da maganar ba.

Jan biro na biyu jingina ce. Cikin fayil akwai takardar da kamfanin ya jinginar da wurin ga wani banki don sayen sabon inji, da amincewar gwamna da komai, amma babu takardar saki. A idon rajista har ranar wurin na hannun banki. Bashin kuwa an biya shi tas, rasitan na cikin wata tsohuwar jakar fata da ruwa ya taɓa a ambaliyar 2010, Allah ya sa tawadar ba ta gama wankewa ba. Bankin ya daɗe da narkewa cikin wani, wancan ma ya shiga wani. Wata bakwai munka yi muna bin sawu kafin a rubuta mana takardar saki mai shafi biyu. Don haka ko da kun tabbata kakanku bai bar bashi ba, ka duba ko an rubuta hakan a inda ya kamata.

Game da amincewar gwamna, kada ka ɗauke ta ƙa'idar banza. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, sashe na 22 kuma ya ce mai satifiket ba ya sayarwa ko jinginarwa sai da yardarsa. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, har ga waɗanda sunka riƙi filinsu tun kafin dokar. Duk cinikin da ka gani bayan 1978 wanda takardar mai unguwa da shaidu biyu kawai ke bayansa, shaida ce cewa an biya kuɗi, amma bai kai ga rajista ba, sai an gyara. Wani abu kuma da ya shafi gidajen inji musamman: sukan zo da makeken fili na shanya. Sashe na 34 ya bambanta filin birni da anka gina da wanda ba a gina ba, na biyun rabin hekta kawai ya bar wa mai shi. In filin shanyarku yana cikin taswirar satifiket ɗin, to madalla. In daga baya anka saye shi daga manoma anka haɗa da katanga, labarinsa daban ne, ka buɗe masa nashi shafi.

Tunda ka ce masu da'awar sun nuna muku takarda, ga 'yan abubuwan da na koya na gane ta bogi, don an kawo mana guda a tsakiyar rigimar, wani dillali ne ya zo da ita wai an sayar wa ubangidansa kusurwar gabas. Naira ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1973, kafin nan fam da sule ne. Jihar Arewa maso Yamma ta rayu daga 1967 zuwa 1976, sannan anka samu Jihar Sakkwato. Takardar dillalin nan ranarta ta faɗa zamanin fam, kuɗinta naira, kanta kuma na Jihar Sakkwato. Ko lauya bai sha wahala ba. Ka duba kan sarkin da anka manna, ka duba ko awon da eka da ƙafa ne ko da hekta da mita, tsofaffin takardu da eka suke. Amma kada ka yanke hukunci don takarda ta yi sabuwa ko ta yi datti. Ta jikokin abokin kakanmu kwafi ce fes, kuma ita ce ta gaskiya.

Kada ka tsaya kan takarda kaɗai. Ka ɗauki ma'aikacin safiyo mai lasisi ya nemo turakun simintin da ke kusurwoyi, kowanne da lambarsa, ya gwada da taswira. Namu biyu munka samu a tsaye, ɗaya cikin shagon mai faci, na huɗu kwalta ta hau kansa. Ka zauna da tsofaffin leburorin injin, da mai unguwa, da matan gidanku, ka ɗauki maganarsu a waya da izininsu. Kotun Ƙoli ma, a shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976, ta lissafa hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar fili, takarda ɗaya ce kawai daga ciki, tarihin baka da daɗewar riƙo suna ciki.

Mu dai ba mu kai kotu ba. An zauna a zauren uban ƙasa, anka raba wurin biyu, su sunka ɗauki gefen titi, mu munka ɗauki sito da filin shanya, ƙarafan injin anka sayar wa 'yan gwangwan anka raba kuɗin. Wasu cikin 'yan'uwana har yau suna ganin na sayar da su, muna gaisawa dai.

Asalin takardar nan kada ta bar hannunka, ko lauya kwafi za ka ba shi, kuma kada ka sa hotonta a nan lambobinta na fita. Ka duba ka gaya mini abu uku kawai: sunan da ke kai na mutum ne ko na kamfani, shekarar da wa'adi ya fara, da ko akwai wani hatimi a bayanta. Goggonka ko wata tsohuwa in tana raye, je ka gaishe ta cikin satin nan, ka tafi da takardar.