Me Aikin Nancy Ho Kan Yisti Ya Tsinana Wa Harkar Mai Daga Tsirrai?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyyar ƙananan halittu ne. Na karanta cewa Shugaba Obama ya karrama wata masaniya, Nancy Ho, saboda ta sauya halittar yisti don samar da man mota daga karan amfanin gona. Amma har yau ban ga wannan mai ya maye gurbin fetur ba. Shin binciken nata ya yi tasiri kuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayarka tana kan hanya, kuma amsarta tana buƙatar mu fara fahimtar matsalar da wannan baiwar Allah ta tarar. Yistin da ake kira Saccharomyces cerevisiae, wanda shi ne dai yake kumbura burodi, gwani ne wajen cin sukarin gulukos ya mayar da shi itanol, sinadarin da ake gauraya shi da fetur. Shi ya sa Amurka take yin itanol daga ƙwayar masara, Brazil kuma daga ruwan rake. To amma masara abinci ce, don haka tun da daɗewa masana suke son a koma ga abin da ba a ci, wato karan masara, karan alkama da tuƙar rake. Idan aka narkar da waɗannan, sukari iri biyu ne suke rinjaye: gulukos da zailos, kuma zailos yakan kai kusan kashi ɗaya cikin uku. Yisti na asali ba ya iya mayar da zailos itanol, ke nan kaso mai yawa na kayan da aka sha wahalar tarawa asara yake zama.

A nan aikin Nancy Ho ya shigo. A Jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana ta shafe fiye da shekara goma, tun farkon shekarun 1980, tana fama da wannan matsala guda, har ta yi nasara a 1993. Ta ɗauko ƙwayoyin gado biyu daga wani yisti mai suna Pichia stipitis, wanda shi yake iya cin zailos, ta dasa su cikin yistin burodi. Wasu masana ma sun gwada hakan, sai dai yistinsu yakan tsaya a tsakiyar hanya, ya tara wani sinadari mai suna zailitol maimakon itanol. Basirar da ta bambanta ta ita ce ƙara ƙarfin ƙwayar gado ta uku, wadda yistin burodi yake da ita tun asali amma aikinta yake da rauni, wadda take tura sukarin zuwa matakin gaba. Da wannan aka samu yistin da yake cin sukari biyun a tukunya ɗaya, kuma ta wallafa sakamakon a 1998. Abin da ya fi burge ni shi ne ta yi aikin da yistin masana'antu mai juriya, daga baya kuma ta kafe ƙwayoyin gadon cikin kuromosom ɗinsa, wato ainihin ma'ajiyar ƙwayoyin gadonsa, domin kada su ɓace yayin da yake hayayyafa.

Binciken bai tsaya a takarda ba. Kamfanin Iogen na Kanada ya karɓi lasisin amfani da yistin a 2004, ya yi itanol daga karan alkama a masana'antarsa ta gwaji a Otawa. A daidai wannan lokaci masana a ƙasar Holan suka bi wata hanya dabam, da ƙwayar gadon wani naman gwari da aka samo daga kashin giwa, kuma yawancin yistin da masana'antu suka ɗauka daga baya sun gaji ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyu. Karramawar Obama da ka ambata, wato lambar fasaha da ƙirƙira ta ƙasar Amurka, an miƙa wa Nancy Ho ita a 2016.

Game da rashin ganin man a kasuwa, laifin ba na yisti ba ne. Tara kara daga gonaki da adana shi yana cin kuɗi, farfasa shi da zafi da asid yana lalata injina, sinadaran da suke narkar da shi zuwa sukari kuma suna da tsada. Manyan masana'antun da aka buɗe a jihohin Ayowa da Kansas na Amurka a 2014 da 2015 sun zo daidai da faɗuwar farashin ɗanyen mai, kuma cikin 'yan shekaru suka daina samar da wannan itanol. Duk da haka a Brazil kamfanin Raízen ya ci gaba da yin sa daga tuƙar rake, saboda tuƙar tana nan jibge a ƙofar masana'antar sukari, ba sai an je gona an kwaso ta ba.